Rawar hannun Baba: a gwada a waya ko a takarda?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mahaifinmu malamin allo ne a Gangare, hannunsa na dama ya fara rawa har rubutu na nema ya gagare shi. Ƙanena ya ce akwai manhajar da mutum zai yi zane a waya ta faɗa masa ko cutar Parkinson ce. Don Allah wa ya san gaskiyar abin?

Anti Hauwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Malam lafiya. Gwajin zanen daɗaɗɗe ne, tun kafin waya likitoci ke yin sa a takarda. Mutum zai fara daga tsakiya ya yi ta kewayawa yana faɗaɗawa, kamar ɗinkin faifai. In hannu na rawa, layin zai fito a kakkarye.

Injiniya Bashir: Abin da na'ura ta ƙara shi ne awo. Allon zane irin na Wacom yana ɗaukar inda bakin alƙalami yake sau da yawa a daƙiƙa guda, da saurinsa, da ƙarfin dannawa, har da lokacin da alƙalamin ke sama bai taɓa allo ba. Daga nan kwamfuta ke lissafa sau nawa hannun ke kaɗawa da girman kaɗawar. Rawar Parkinson yawanci sau 4 zuwa 6 ce a daƙiƙa, wata irin rawar hannu da ake gado kuwa tana kaiwa daga 4 zuwa 12. Amma Hajiya, zane da yatsa a ƙaramar waya ban yarda da shi ba. In za a yi, a samu babban allo mai alƙalami.

Dakta Sadiya: Injiniya ya faɗi daidai, amma ku lura alƙaluman kaɗawar nan sun shiga juna, shi ya sa na'ura ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Rawar Parkinson ta fi fitowa idan hannu na ajiye a cinya, kuma sau da yawa tana lafawa da an ɗauki biro. Saboda haka mai cutar zai iya zana kewaye mai kyau, manhaja ta ce lafiya lau, iyali su koma su zauna. Wannan ne ke damuna ƙwarai. Abin da ya fi nuna ta a takarda shi ne rubutu ya riƙa ƙanƙancewa, a fara layi da manyan baƙi a ƙare da ƙanana a cunkushe. Rawar gado kuma ta fi tashi lokacin aiki, wajen kai kofi baki ko ɗaukar cokali, galibi a hannu biyu. Sai likita ya ga tafiyar mutum, da sandarewar gaɓoɓi, da nauyin motsi. A kuma duba maƙoƙo, a faɗa wa likita duk maganin da yake sha, don salbutamol na asma da valproate na farfaɗiya suna sa rawar hannu.

Alhaji Garba: Har da goro da shayi mai kauri. Tawa ta gado ce, da na rage goro na ga sauƙi. Propranolol aka ɗora ni a kai.

Dakta Sadiya: Alhaji, kai likita ya duba ka kafin ya ba ka. Kada kowa ya saya a kemis, yana da haɗari ga mai asma da mai jinkirin bugun zuciya.

Maman Ilham: To Dakta, me za mu yi kafin mu ga likita?

Dakta Sadiya: Farar takarda da biro sun isa. Ya zana kewayen da dama, sannan da hagu, kada ya jingina hannun a tebur. Ya rubuta jimla ɗaya sau uku, da ajami ma ya yi in shi ya saba. Ku sa kwanan wata da lokaci, ku maimaita duk mako. Ku ɗauki ɗan bidiyon hannayensa suna cinya yana hira, da na tafiyarsa.

Anti Hauwa: Kuma kada a yi da sassafe yana jin sanyin Jos ɗin nan, rawar ɗari za ta gauraya da ita. A bari ya karya, jiki ya yi ɗumi.

Malam Nura: Tunda Malam marubuci ne, ku nemo takardun da ya rubuta shekarun baya ku haɗa da na yanzu. Mutane ƙalilan ne ke da irin wannan shaida a ajiye.

Dakta Sadiya: Madalla Malam Nura, wannan ya fi kowace manhaja amfani gare shi. Ku tafi da su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. In Parkinson ce, akwai levodopa, kuma takardun nan za su nuna ko maganin na aiki.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da la'asar za mu yi na farko in sha Allah.