Abin da aka tattauna kan kwanciyar hankalin yara

Maganar da aka yi kan yadda za a kula da kwanciyar hankalin yara ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri guda.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Saurare kafin nasiha. Wannan aka fi nanatawa. Yaro ya dawo daga makaranta, ya jefar da jaka, ya ƙi magana: kada a tare shi da "me kuma ka yi?" A bari ya huce, a zauna kusa da shi, sannan a tambaya a hankali. Wata uwa ta ce 'yarta ba ta sakin baki sai suna cikin aiki tare, ba ido cikin ido ba. Ni ma na ga haka.

2. A daina cewa namiji ba ya kuka. A taya yaro gane abin da yake ji, tsoro ne, kunya ce ko fushi.

3. Barci: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12.

4. Ciwon ciki marar dalili, komawa fitsarin kwance, guje wa abokai: in abin ya ɗore, a ga likita. Maganar kashe kai kuwa, ranar za a nemi taimako. An tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa.

Inda aka rabu:

Waya. Wasu sun ce a hana gaba ɗaya, wasu a ƙayyade lokaci, a kuma raba ta da ɗakin kwana.

Dukan yaro. Kaɗan sun kare shi, mafi yawa sun ce ɓoye damuwa kawai yake koya wa yaro. Ina tare da mafi yawan.