Furosesa da Ram: Wace Kalma Za Mu Tsayar a Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu da duk mai haɗa kwamfuta yake cin karo da su, wato furosesa, mai yin lissafi, da ram, mai riƙe abin da ake aiki a kai, domin na lura cewa kalma ɗaya tal, ƙwaƙwalwa, muke kiran su biyun da ita, har mukan ƙara mata na uku, wato wurin da ake adana hotuna da takardu.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a gidanmu. Ƙanena ya daɗe yana tara kuɗi domin ya mallaki kwamfutar tebur da zai riƙa aikin makaranta da gyaran hotuna, sai ya je wani shago, ya dawo yana murna cewa ya samo mai ƙwaƙwalwa 500. Da na kwance murfin akwatin, na tarar 500 ɗin girman faifan ajiya ne, ram kuwa guda ɗaya ne mai gigabait 4, gurbi na biyu da ke gefensa babu komai sai ƙura. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take karɓa, saboda haka da zarar ya buɗe shafuka biyar ko shida a intanet sai na'urar ta kama jan ƙafa. Ban ce mai shagon ya yi masa ƙarya ba. Kalmar da suka yi ciniki da ita ce ta kasa rarrabe abin da ake nufi, kuma wannan ne ya fi damuna, domin mai ƙaramin ƙarfi ba shi da kuɗin gyara kuskure.

Ga furosesa, kalmar da nake gabatarwa ita ce masarrafi. Aikinsa shi ne ya karɓi umarni, ya yi lissafi, ya fitar da sakamako, kuma sarrafawa ke nan. Ƙirar kalmar tsohuwa ce a Hausa, ita ce ta ba mu mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba, mataji daga taje, kuma jam'inta yana zuwa ba tare da wahala ba: masarrafai, kamar mabuɗai da madubai. Na san za a ce masarrafa tana nufin wurin da ake sarrafa kaya, amma kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan bambanci, tunda babu mai rikita ma'auni da ma'auna. Dalilin da ya sa na ƙi ƙwaƙwalwa a nan shi ne, ta ɗan Adam tana tunani tana kuma riƙe abu, alhali a cikin kwamfuta an raba ayyukan nan biyu, kowanne da kayansa da farashinsa.

Na gwada kalmar a cikin zance domin in ji ko za ta zauna a baki. Masarrafin Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, yana zama a gurbin AM4, wato nau'in mazaunin da ake ɗora shi a cikin kwamfuta, kuma harafin G da ke ƙarshen sunansa yana nuna cewa yana ɗauke da sashen nuna hoto a cikinsa, don haka mai tsimin kuɗi ba sai ya sayi katin hoto daban ba, wato kayan da ke fitar da hoto a fuskar kwamfuta. Masarrafin Core i3-12100F na Intel, na 2022, yana zama a gurbin LGA1700, harafin F kuwa yana nufin ba shi da wannan sashe, duk wanda ya saye shi don ya ga ya fi araha, bai kuma tanadi kati ba, zai kunna na'ura ya tarar da fuskarta baƙi ƙirin. A wurina jimlolin sun tafi daidai.

Ram ne ya fi ba ni aiki. Misalinsa teburin tela ne: yadin da ake yankawa yanzu shi ne a kai, sauran yaduka suna cikin akwati, kuma gwargwadon faɗin tebur gwargwadon abin da tela zai shimfiɗa lokaci guda ba tare da ya yi ta kai-komo ba. Sai dai shi ram, da an ɗauke wuta duk abin da ke kansa ya tafi. Memori ba za ta yi ba, domin katin waya ya riga ya mallake ta, kuma shi wurin adanawa ne. Ma'ajiyar wucin gadi ta yi bayani, ina kuma ganin ta dace da littafin makaranta, amma ta yi tsawo ga bakin mai ciniki, sannan kalmar ma'ajiya tana iya mayar da mu cikin ruɗanin da muke gudu.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu karɓi ram a matsayin kalmar aro, kamar yadda muka karɓi batir da injin, mu rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, mu ɗauke ta namiji. Akwai kuma wata dacewa da ta ƙara mini ƙwarin gwiwa: muna cewa ya yi ram da shi idan mutum ya cafke abu ya riƙe gam, aikin wannan kaya kuwa shi ne ya riƙe wa masarrafi abin da yake aiki a kai. Wurin adanawa na dindindin sai mu bar masa rumbu, wanda ma'anarsa ba ta buƙatar bayani.

Da waɗannan kalmomi uku shawara tana fita sarai. Ram biyu masu gigabait takwas-takwas sun fi guda ɗaya mai 16, domin masarrafi yana ɗiba ta hanya biyu lokaci guda, kuma bambancin ya fi fitowa a irin 5600G, wanda sashen hotonsa daga ram yake cin rabonsa. Gurbin AM4 da ram nau'in DDR4 yake aiki, gurbin AM5 na 2022 kuwa ram nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma 'yar tsagar da ke ƙasan kowane nau'in ram ba a wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga mazaunin ɗaya.

Saura kalma ɗaya da nake neman taimakon malamai da masu gyara a kanta, wato sunan ƙananan sassan da ke aiki a cikin masarrafi, waɗanda 5600G yake da shida, 12100F yake da huɗu. Na ji ana cewa zuciya, na ji ana cewa cibiya, amma ni na fi karkata ga ƙwaya, domin masarrafi mai ƙwaya shida ya fi mini daɗin faɗa, kuma abu ne da ake ƙirgawa. Masu shaguna a Kano da Damagaram da Maraɗi, me kuke ce wa mai saye idan ya tambaya?