Haɗa ɗanyen Pu'er da nunanne: a ganye ko a kofi?

Mai_Buta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗanyen Pu'er (ganyen shayi na lardin Yunnan a ƙasar Sin), wanda Sinawa ke kira sheng, in bai wuce shekara 3 ba baurinsa kan yi yawa. Nunannen kuma, wato shou, yana da laushi amma ƙamshinsa a kwance yake. Ana haɗa su? In ana yi, da wane awo?

Ɗan_Yunnan: Wa alaikumus salam. Ana yi, amma kada ka fara da haɗa busasshen ganye. Tsima kowanne daban: giram 6 a kofi mai murfi na mililita 100. Shou yana son ruwan da ya tafasa sosai, kuma a ɗauraye shi sau biyu a zubar. Sabon sheng ɗauraya ɗaya ta isa, ruwan ya ɗan huce zuwa digiri 90 ko 95, in ba haka ba ɗaci zai fito. Zubin farko daƙiƙa 10, sai ka riƙa ƙara 5.

Ka fara ɗanɗana sheng, domin kaurin shou yana rufe harshe. Ka jira zaƙin da ke dawowa a maƙogwaro bayan ɗacin ya wuce, shi ake kira huigan. In babu shi, ganyen bai cancanci wahalar ba. Daga nan ka haɗa ruwan a kofi na uku, shou kashi 3, sheng kashi 1. In ka ji ƙamshin bai tashi ba, ka koma 2 da 1.

Hajiya_Mai_Shayi: Malam ya faɗi gaskiya. Shou yana sakin launinsa da wuri, a zubi na uku ya yi baƙi ƙirin, sheng kuwa a hankali yake buɗewa. In suna buta ɗaya, kofunan farko duk shou ne, na ƙarshe bauri zalla.

A kula da ƙarni kuma. Tun 1973 aka fara yin shou a masana'antar Kunming: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe kwana 45 zuwa 60. Sabon fitowa yakan zo da ƙarni kamar na kifi, kuma sheng ba ya ɓoye shi. A ɓare curin ganyen (a matse yake zuwa) a bar shi ya sha iska mako biyu. Don gwaji, shou mai lamba 7572 da sheng mai lamba 7542 na masana'antar Menghai sun dace da juna. Amma sheng da ya haura shekara 15 ni ban yarda a haɗa shi da komai ba, asara ce.

Ɗan_Yunnan: Haka ne Hajiya. Wajen ajiya ma kada su kwana a kwali ɗaya, sheng yana ɗaukar warin shou. Danshi kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ake so. Da hunturu a saka curin a mazubi mai murfi, don iskar tana busar da shi ƙamshin ya gudu. Da damina kuma a riƙa dubawa saboda hunhuna.