Gem ɗin 2024 ga mai shago: PS5 ɗaya ko PS4 biyu?

Sani Mai Gem:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon gem a Kurna, injin PlayStation 4 (PS4) uku. Na kwashi adashi, dubu ɗari tara na hannuna. Tun da gem ɗin ƙwallo FC 25 ya fito a watan Satumban 2024 yara ke min ƙorafi wai na PS4 bai kai na PS5 santsi ba, wasu har sun koma shagon gaba. In zuba kuɗin a PS5 ɗaya ne, ko in ƙaro PS4 biyu? Ba intanet a shagon, kuma naira 200 nake karɓa duk wasa. Wanne gem ne ya fi kawo muku ciniki a 2024?

Abba Wukong:
Astro Bot aka bai wa gem ɗin shekara a bikin The Game Awards na 2024, amma wallahi Black Myth: Wukong, na birin nan mai sanda, aka zalunta. Shi za ka saya.

Ɗan Fagge:
Abba, ka karanta tambayar kuwa? Duka biyun mutum ɗaya ke bugawa. Wa zai biya 200 ya zauna yana kallon biri da sanda? A shago ƙwallo ce da Mortal Kombat, sai GTA V na 2013 da har yau bai tsufa ba.

Baban Ilham:
Ƙanena Sani, tsaya ka ji tawa. A watan Yuni na sayi PS5 na hannu wajen wani yaro a kasuwa, dubu 620, wai cike da gem goma sha biyu: FC 24, God of War Ragnarök, Mortal Kombat 1, komai. A gabana ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na yi sati biyu ina murna. Ranar wata Juma'a bayan an sakko masallaci, shago cike, yara sun zube kuɗi a tebur, na kunna sai ga hoton kwaɗon kulle a kan kowane gem. Ashe a asusun wani aka sauke su, mai asusun ya cire injina ya sayar wa wani. Na koma kasuwa aka ce yaron ba shagonsu yake ba, a bakin ƙofa yake tsayawa. Lambarsa a kashe har yau. Hannu (kontrola) ɗaya da ya haɗa min da shi kuma, ɗan wasa shi kaɗai yake tafiya hagu kamar mai neman hanyar gida. Sai da na sayar da babur ɗina na sayi faifai.

Ɗan Fagge:
Allah ya mayar da alheri Baba. Amma 620 ai tun daga farashin ya kamata ka ji wari.

Umar Zariya:
Wane wari? Abokina ya sayi nasa 550 kuma lafiya lau. Sabo dal na gani 850 makon jiya.

Hafsat K.:
850 a ina? Miliyan ɗaya da ɗoriya aka ce wa yayana, mai cin faifai. Sai dai in marar faifai ka gani, shi kuma ba shi da amfani ga wanda ba shi da intanet.

Umar Zariya:
Hajiya, ki bar wa masu shago maganar.

Hafsat K.:
Kai shagon wa kake da shi? Ni nake riƙe lissafin shagon yayana shekara uku. Mun ƙara kuɗin wasan PS5 zuwa 400, yara suka yi sati ɗaya suna ɗoki, suka koma layin 200.

Malam Habu Maraɗi:
Mu nan eFootball muke yi a waya. Tun da kamfanin Konami ya sauya sunan gem ɗin ƙwallo PES zuwa eFootball a 2021 ya mayar da shi kyauta, kowa na da ƙungiyarsa a aljihu. Da wannan da gem ɗin waya Free Fire su suka cinye kasuwar shago, ba shagon gaba ba.

Ɗan Fagge:
Sani, ka fara tambayar yaran wace ƙungiya suke ɗauka. In Man United ce, ko PS9 ka kawo za su ce hannu ne bai da kyau.

Abba Wukong:
Ka kiyaye mu fa.

Baban Ilham:
Ni yanzu ba inji ne damuwata ba, mai ne. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 janareta ke cin ribar. Jiya lita huɗu na zuba, na tashi da dubu biyar da ɗari shida. Ana tsaka da fenariti wuta ta ɗauke, kafin in ja igiya su ce ba za su biya ba tunda wasa bai ƙare ba.

Hafsat K.:
Shi ya sa muke karɓar kuɗi tun kafin a zauna. Kuma mun sa sola.

Umar Zariya:
Sola da talabijin uku da fanka? Batiri nawa?

Sani Mai Gem:
Na gode duka, amma har yanzu ba wanda ya ce min ɗaya ko biyu. Hajiya Hafsat, nawa solar ta ci muku?