Tsofaffin kwamfutocin Islamiyya: me za a ɗora masu?

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani bawan Allah ya ba makarantarmu ta nan Ƙofar Marusa kyautar tsofaffin kwamfutocin tebur guda shida, huɗu Dell OptiPlex 780, biyu kuma sun girme su. Duk Windows 7 ne a kai. So muke yara su koyi buga rubutu da Hausa da Larabci, mu kuma mu riƙa buga takardun jarrabawa. Me za mu ɗora masu wanda ba zai wahalar da mu ba? Ni dai iyakata Word.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam. Ram ɗinsu, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, nawa-nawa?

Malamin Islamiyya: A ina ake gani?

Mai Gyara: Ku danna ɓangaren dama na linzami a kan Computer, ku zaɓi Properties, zai nuna.

Ɗan Daura: Ku sa Windows 10 kawai a huta.

Ɗalibar Kwamfuta: Yaya, shi ma 10 ɗin tallafinsa ya ƙare a hukumance tun 14 ga Oktoba 2025. Na 7 kuwa tun Janairun 2020. Windows 11 kuma yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sabon furosesa, ita 780 Core 2 Duo ce, ba ta cikin lissafi. Ni dai Linux Mint zan ce, wanda ake ɗorawa a madadin Windows, samfurinsa mara nauyi na Xfce. Kyauta ne, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu yadda kuka saba, kuma Mint 22 da ya fito a 2024 yana da tallafi har 2029.

Ɗan Daura: Ba shi ne wanda sai an yi ta rubutu a baƙin allo ba?

Ɗalibar Kwamfuta: Wannan da can ne.

Mai Bizines Senta: Malam, ku saurare ni, don ni abin nan ya ci ni. Lokacin da na buɗe shago a Ƙofar Ƙaura wani yaro ne ya ɗora mani Windows na sata, ya ce komai na ciki, har da maganin bairos. Ashe maganin ma na sata ne, ba ya sabuntawa. Kun san aikinmu, kowa da filash ɗinsa yake zuwa. Sai aka wayi gari duk filash ɗin da aka soka, fayilolin ciki su koma shotkot, ka danna ba abin da ke buɗewa. Wata ɗaliba ta kawo furojet ɗinta ana saura kwana kaɗan ta miƙa, ta zauna a bencin ƙofar shago tana kuka, mahaifinta ya zo yana ta faɗa, mutane sun taru. Daga baya aka gano fayilolin ɓoye su aka yi, aka dawo da su, amma sunan shagona ya riga ya ɓaci a layin. Tun daga nan kwamfutoci biyu na mayar da su Mint, a kansu nake soka filash ɗin kowa, wannan bairos ɗin ba ya aiki a can. Amma kada wani ya ce maku babu wahala. LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Mint, yana buɗe takardun Word, sai dai in takarda tana da tebur da ado da yawa, layuka kan goce, shafi biyu ya koma uku. Abin da nake yi, in na gama sai in mayar da ita PDF kafin in buga. CorelDraw kuma ba ya hawa, shi ya sa na bar guda ɗaya da Windows saboda katin aure da kalandar biki, ba na haɗa ta da intanet, ba mai soka mata filash sai ni. Sannan firinta. Kafin ku goge komai ku jona firintarku ku gani. Yawancin na HP suna tashi lafiya, wasu tsofaffin firintocin kuwa sai an sha fama.

Malamin Islamiyya: Allah Ya kyauta, Alhaji. Mu ba ma katin aure, jarrabawa ce kawai da sakamako.

Mai Gyara: To ai ba sai an goge ba kafin a gwada. A sauke Mint ɗin, kusan giga 3 ne, a sa shi a filash mai giga 8 da manhajar Rufus ko Ventoy. A kunna Dell ɗin ana danna F12, a zaɓi filash. Zai tashi daga filash ɗin bai taɓa had disk ba. A gwada firinta, sauti, kibod. In ya yi, sai a ɗora.

Ɗan Daura: Waɗannan biyun da suka tsufa ku kawo mana su Daura mu ajiye kusa da rijiyar Kusugu, masu yawon buɗe ido su riƙa gani.

Mai Bizines Senta: Ai ku komai tsoho naku ne.

Ɗan Daura: Tushen Hausa kenan, Alhaji. Ku kuma kunya gare ku, shi ya sa aka ba ku bola kuka karɓa da godiya.

Malamin Islamiyya: Ba bola ba ce, sadaka ce, Allah Ya saka wa mai ita.

Admin: Jama'a a koma kan tambayar Malam.

Ɗan Bautar Ƙasa: Me ya hana ChromeOS Flex? Na Google ne, kyauta, ba nauyi.

Ɗalibar Kwamfuta: Yana son ram giga 4, kuma kusan komai nasa a intanet yake. Wa zai riƙa sa wa Islamiyya data kullum?

Ɗan Bautar Ƙasa: Haka ne kuma.

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum, ni ma laftof ɗin ɗana kullum sai ta mayar da kwanan wata baya, ko ita ma Linus ɗin za a sa mata?

Mai Gyara: A'a Hajiya, ƙaramin batirin ciki ne ya mutu. Malam, ku ma ku lura, naku CR2032 ne, mai kama da kwabo, a kan babban allon ciki yake. In ya mutu kwanan wata ya rikice, shafukan intanet su ƙi buɗewa, a yi ta zargin manhaja. A buɗe su kuma a hure ƙurar hunturu daga fanka, a samu sitabilaiza saboda wutar nan tamu.

Malamin Islamiyya: Batun Larabcin fa? Da su ƙ da ɗ da ɓ?

Ɗalibar Kwamfuta: Duk akwai, Malam. A saitin kibod za a ƙara Larabci da Hausa ta Najeriya, a riƙa sauyawa. LibreOffice yana rubutu daga dama zuwa hagu, sai dai a kunna shi a saiti. Akwai Tux Typing da GCompris na yara, ba sa buƙatar intanet bayan an sauke.

Mai Gyara: Amma fa Mint ya bar 32-bit, wato tsohon samfurin furosesa, tun 2020. In tsofaffin biyun nan irin wancan ne, sai antiX, wani Linux ɗin daban, shi ko ram bai kai giga 1 ba yana tafiya. Ba shi da kyan gani dai, kuma ba zan ba ɗan koyo shi ya ɗora da kansa ba.

Ɗan Daura: Na dai faɗa, wata uku za ku dawo Windows.

Mai Bizines Senta: Kai da ko filash ba ka iya cirewa sai ka fizge.

Malamin Islamiyya: Na duba. Dell ɗin kowace giga 2 ce. Ɗaya tsohuwar giga 1. Ta shidan ba ta nuna komai, ƙara kawai take tit tit tit.

Mai Gyara: Giga 2 zai ɗauki Mint, amma in an buɗe intanet zai yi nauyi. DDR3 suke ci, in da hali a ƙara su kai 4, sai dai a je da kwamfutar a gwada don ba kowane suke karɓa ba. Mai ƙarar kuma wataƙila ram ne ya motsa, a cire a goge a mayar. Ku kawo guda ɗaya da firintar ranar Asabar bayan la'asar mu gwada.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ma in aiko da laftof ɗin?

Mai Gyara: A aiko Hajiya, a haɗo da cajarta.