Na koma ƙungiyar mawaƙa bayan shekara 30, amma muryata ta sauka

Malama mai ritaya, Jos:
Salama gare ku. Na bar ƙungiyar mawaƙa ta ekilisiyarmu ta ECWA sa'ad da raino da aikin koyarwa suka sha kaina, ban kuma koma ba sai bana da na yi ritaya. Ranar da na fara zuwa koyon waƙa, aka ɗauki wata tsohuwar waƙa da murya huɗu, sai na ji hawaye na zubo mini, domin na manta yadda muryar maza daga layin baya take ratsa ƙirjin mutum. Damuwata ita ce a da sofurano nake yi, wato muryar mata ta sama, yanzu kuwa da waƙa ta hau sama sai muryata ta tsinke, numfashina ma ba ya kai ƙarshen baiti. Shin in haƙura, ko akwai gyara?

Mai koyar da mawaƙa, Kaduna:
Mama, don Allah kada ki janye. Muryar mace takan sauka bayan ɗaukewar al'ada, saboda haka ki nemi a mayar da ke alto, wato muryar mata ta ƙasa. A ganina wannan ba ragin matsayi ba ne, domin mai sofurano tana bin karin da kowa ya sani ne, mai alto kuwa dole ta kasa kunne ga sauran muryoyi kafin ta sami gurbinta, kuma a nan ne daɗin waƙar taro yake. Do-re-mi da kika koya a ƙuruciya, wato tsarin koyon waƙa da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, zai dawo miki da sauri fiye da yadda kike zato. Batun numfashi kuwa, ki shaƙi iska a tsakiyar baiti yayin da ta kusa da ke take riƙe da sautin, ba wanda zai ji giɓi. Ki riƙa fara rerawa baki a rufe na 'yan mintoci, ki kuma yawaita shan ruwa lokacin hunturu. Idan dishewar murya ta wuce mako uku, ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

'Yar Zumuntar Mata, Garkida:
Yaya, ni ma sai da mai gidana ya rasu na koma waƙa. A zumuntarmu ta ekilisiyar EYN wata tsohuwa ce ke ba da waƙa muna amshi, ga tulu ana bugawa da tafin hannu, ga caki. Muryarta tana rawa, amma ita kaɗai ta riƙe baitocin da muka manta, kuma idan ba ta zo ba sai waƙar ta ƙi zama.

Malama mai ritaya, Jos:
Na gode ƙwarai. Jiya na tsaya a layin alto, kusa da wata yarinya da na taɓa koyarwa a aji uku, ita ce ma ta riƙa nuna mini wurin shiga da yatsa.