Tambaya kan motocin BRT na Legas: yaushe aka fara su, kuma yaya ake shigarsu?

Baƙon Ikko:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Watana biyu ke nan da zuwa Legas daga Funtuwa, ina taya kawuna cinikin albasa a kasuwar Mile 12, amma a Ikorodu muke kwana. Kullum da asuba ina takure a cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, gwiwata manne da ƙarfen kujerar gaba, sai in ga dogayen motocin nan shuɗɗa da ake kira BRT suna wucewa ta tsakiyar titi, mu kuwa ko motsi ba ma yi. Don Allah wanda ya san asalinsu da yadda ake shigarsu ya yi mini bayani, domin an ce mini ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinsu.

Dattijon Agege:

Wa alaikumus salam, ɗana. Lokacin da na zo garin nan, molue ce motar talaka, wata ƙatuwar safa ruwan ɗorawa wadda na tsaye a cikinta suka ninka na zaune, kwandasta yana reto a bakin ƙofa, kuma sau da yawa ba ta gama tsayawa sai dai mutum ya diro tana tafiya. Kafin zamaninmu ma, kamfanin wani Bagirke mai suna Zarpas ne yake jigilar jama'a, har majalisar gari ta karɓe motocinsa a 1958, amma motocin hukuma ba su taɓa isar mutanen Ikko ba, shi ya sa danfo da molue suka mamaye hanya.

Gyara na gaske ya faro ne da dokar 2002 da ta kafa LAMATA, hukumar kula da sufurin Legas, lokacin Tinubu yana gwamnan jihar. A watan Maris na 2008, zamanin gwamna Fashola, aka buɗe layin BRT na farko daga Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas, kimanin kilomita 22, kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW aka fara damƙa wa tafiyar da shuɗɗan motocin, wanda a ganina hikima ce babba, domin da an ware su da rigimar tasha ta kashe aikin tun yana jariri. Hanyar da kake bi ta Ikorodu a 2015 aka ƙara ta, tamu ta Oshodi zuwa Abule Egba kuwa sai a 2020.

Maman Hafsa:

Baba ya gama maganar tarihi, bari in ƙara abin da zai amfane ka gobe. Ka je tashar Ikorodu ka sayi katin Cowry, ka zuba masa kuɗi, idan za ka shiga ka ɗora shi a kan na'urar da ke bakin ƙofa har ta yi ƙara. Babu cacar baki kan canji, kuma saukar ruwan sama ba ta sa kuɗin mota ya tashi nan take kamar yadda ake yi mana a danfo. Katin nan yana aiki a jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 da jiragen ruwan gwamnati. Sai dai, ƙanena, ka fita da wuri, domin da zarar gari ya waye layin mutane yana tsawo ƙwarai, kuma don fasinja aka ƙera motar, ba don buhunan albasa ba.

Direban Tirela:

Malam, sirrin ba a jikin motar yake ba, a hanyar yake. Inda aka killace mata layinta da kankare, tana tafiya kamar ruwa a kwata. Inda killacewar ta ƙare, kamar wajen hawa gadar Eko, sai ta shiga gosulo tare da kowa. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga mai ƙaramar mota ya kutsa layin, domin mutum ɗaya yana ɓata wa mota guda cike da bayin Allah lokaci. Kuma kada ka yi sallama da danfo tukuna, don har yanzu ita ce take shiga lungunan da babbar mota ba ta kaiwa.

Baƙon Ikko:

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan bi ta tashar in sayi katin, na kawuna ma zan haɗa.